Yadda Ake Ba Shinkafar Rani Taki: Na Gida a Cikin Ƙasa, Yuriya a Kan Lokaci

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa shinkafa ta yi kore shar, ta yi 'ya'ya, ta cika kai. Idan aka watsa buhun nan a kan ruwa mai zurfi da rana tsaka, abin da shinkafa ke sha daga ciki bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ya bi iska, ko ya bi ruwa zuwa gonar maƙwabci. Da tsadar taki a yanzu, asara ce mai ciwo, kuma ita ce ke cin ribar manoma da yawa, daga Kura da Bunkure da Auyo har Bakalori da Argungu, har Gaya da Tillaberi a bakin kogin Kwara.

Akan yi gardama a majalisa kan wanne ya fi, takin gida ko na zamani. A gonar shinkafar rani gardamar ba ta da amfani, domin aikinsu daban ne. Takin gida yana shiga da wuri, ya gyara ƙasa, ya riƙa sakin abinci kaɗan-kaɗan. Yuriya kuwa mai sauri ce, ana ba da ita daidai lokacin da shuka ke jin yunwa. Wanda ya iya haɗa su, ya kuma iya da ruwansa, zai sayi buhu kaɗan ya ɗauki shanshera da yawa.

Inda takin ke gudu

Sai ka san ta inda takin ke zurarewa kafin ka iya tare shi. Yuriya na taɓa ruwa sai ta narke, cikin 'yan kwanaki ta rikiɗe ta koma wani sinadari da ake kira amoniyam. Idan amoniyam ya shiga cikin laka, laka na riƙe shi har saiwa ta zo ta sha. Idan kuwa ya tsaya a cikin ruwan da ke kwance, to an shiga matsala. Da rana gansakuka na sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa, ga zafi, ga iska tana kaɗawa, sai takin ya tashi sama a matsayin iskar amoniya. A gonar da ƙasarta ke da kanwa-kanwa abin ya fi muni.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. A saman taɓo akwai wata 'yar fata siririya da iska ke shiga. A nan amoniyam ke komawa naitiret. Shi naitiret laka ba ta riƙe shi, sai ya gangara ƙasa inda babu iska, ƙwayoyin halittar da ke can su mayar da shi iska ya fice. Duk lokacin da aka bar fangali ya bushe ya tsattsage sannan aka sake cika shi, wannan asara na ƙaruwa. Shi ya sa takin da ke ɗauke da naitiret, irin wanda ake kira CAN, da rabin naitirojin ɗinsa naitiret ne, bai dace da shinkafar da ke cikin ruwa ba, ko da ya yi wa masara da albasa kyau. Sai ta uku, wadda kowa ke gani da idonsa: kunya ta fashe, ko ruwa ya yi ambaliya ta baki, ko ƙasa mai rairayi ta tsotse komai ta kai shi inda saiwa ba ta isa.

Mataki na farko: auna gona, ka yi lissafi

Mafi yawan kuskuren taki daga rashin sanin girman gona yake farawa. Ka ɗauki igiya mai mita goma ka auna tsawo da faɗi. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi ke nan.

Shinkafa na shan kilo 15 zuwa 20 na naitirojin kafin ta ba da tan ɗaya na shanshera. Wani ɓangare ƙasa ce ke bayarwa, sauran kai za ka kawo. Ga iri irin FARO 44 a noman rani, inda rana ke da ƙarfi kuma ruwa na hannunka, kilo 90 zuwa 120 a hekta shi ne ma'aunin da aka saba ba da shawara a kai. Mu ɗauki kilo 100 mu yi lissafi da shi. Buhun kamfa 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi na naitirojin, da irin wannan adadi na fosfaras da na fotash. Buhu huɗu sun ba ka kilo 30. Yuriya buhu uku ta ba ka kilo 69. Jimilla 99. A eka ɗaya, kamfa buhu ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, yuriya buhu ɗaya da kwata. Idan kamfar da ka samu 20-10-10 ce, kowane buhu na da kilo 10 na naitirojin amma fosfaras da fotash kilo biyar-biyar kawai, don haka za ka ƙara yawan kamfa ka rage yuriya.

Lissafin da ya fi amfani ranar aiki shi ne na fangali. Fangali mai mita goma tsawo da goma faɗi yana cin kamfa kilo biyu, yuriya kuma kilo ɗaya da rabi a duk kakar, a raba ta gida biyu. Ka je wajen mai sikeli ka auna giram 750 na yuriya, ka zuba a gwangwani, ka yi masa alama. Wannan gwangwanin shi ne ma'auninka, shi za ka ba yaran da ke taya ka aiki, ba ka ce musu su watsa da ido ba.

Mataki na biyu: takin gida, tun kafin ruwa ya shiga

Mu fara da ƙarfinsa, don kada mu ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Tan ɗaya na busasshen kashin shanu yana da naitirojin kimanin kilo goma, wani lokaci ƙasa da haka idan ya sha rana ko ya cakuɗe da ƙasa. Daga ciki, abin da zai saki a kakar farko bai fi kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku ba. Kashin kaji ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba: tan ɗaya na iya kai kilo 20 zuwa 30, kuma kusan rabi na fita a kakar da aka zuba shi. Na tumaki da awaki yana tsakiya. Ka ga ke nan wanda ya ce zai noma hekta guda ta shinkafar rani da kashin shanu zalla, sai ya tanadi amalanke bayan amalanke, abin da ƙalilan ne ke da halinsa.

To me ya sa za a wahala da shi? Saboda yana yin abin da yuriya ba za ta taɓa yi ba. Yana sa ƙasa mai rairayi ta riƙe ruwa da taki, wanda ke nufin ragin kuɗin man injin ban ruwa. Yana sassauta laka mai tauri. Yana kawo fotash da salfa da zinki, waɗanda ke ƙarewa a gonar da ake noma shinkafa rani da damina ba hutu. Kuma abin da bai saki bana ba yana nan yana jiran baɗi. Gonar da ta shekara uku tana samun takin gida, yuriyar da aka zuba mata ta fi yin aiki.

Ma'auni mai kyau shi ne tan biyar na ruɓaɓɓen takin shanu a hekta, wato kilo 50 a fangali mai goma da goma. Idan kashin kaji ne, tan biyu ya isa, kilo 20 a fangali. Wanda bai da mai yawa, kada ya barbaɗa ɗan abin da yake da shi a duk gona har ya ɓace. Ya zuba isasshe a kashi ɗaya cikin uku na gonar bana, baɗi ya matsa gaba.

Sharaɗi babba shi ne takin ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu cike yake da irin ciyawa, kuma duk ɗanyen abu da aka binne aka kwantar masa da ruwa yana ruɓewa ne babu iska, ya fitar da tsami da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ka tuge shukar da ta faɗa cikin wannan hali za ka ga saiwar ta yi baƙi tana wari, maimakon fara ko ja-ja. Kashin kajin da ke cike da garin katako shi ma yana da illa: ƙwayoyin da ke ruɓar da katakon na ƙwace naitirojin daga bakin shinkafa na wasu makonni.

Ga yadda ake ruɓar da shi, kuma a nan tattaka ke da rana. Tan ɗaya na tattakar shinkafa na da naitirojin kilo biyar zuwa takwas da fotash fiye da kilo goma. In an cinna mata wuta, naitirojin ɗin kusan duka ya tafi da hayaƙi. Raina na ɓaci duk lokacin da na ga hayaƙin nan ya turnuƙe fadama bayan girbi, ga mai gonar kuma zai ci bashi ya sayo abin da ya ƙona. Ka samu inuwa kusa da ruwa. Ka shimfiɗa tattaka kaurin taƙi ɗaya, ka yayyafa ruwa har ta jiƙe, ka bi ta da kashin dabbobi kaurin yatsu huɗu, ka sake tattaka, haka-haka har tsibin ya kai ƙirjinka. Ka rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa, ka soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar ka zaro sandar ka taɓa: in da zafi da damshi, aiki na tafiya, in ta fito a bushe da farin ƙura-ƙura, ƙara ruwa, in tana ɗiga tana wari, ruwa ya yi yawa, a juya. Ka riƙa juya tsibin duk mako biyu, na waje ya koma ciki. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa marmashewa a hannu yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Masu ɗebo takin bola daga gari su tsaya su tsince leda da kwalba da tsofaffin batura kafin su kai gona.

Ka kai takin gona mako biyu zuwa uku kafin dashe, ka baza, ka kafce shi ya shiga ƙasa a ranar ko washegari. Barinsa tsibi-tsibi a rana har wata guda zubar da ƙarfinsa ne. Idan tattakar za ka binne kai tsaye ba tare da ruɓarwa ba, ka ba ta aƙalla wata guda a ƙasa mai damshi kafin ka kwantar da ruwa.

Wanda ya zuba kashin kaji tan biyu zai iya cire buhun yuriya guda daga lissafi. Mai takin shanu tan biyar ya cire rabin buhu a shekarar farko, in ya ɗore sai ya ƙara ragewa yana duba ganye.

Akwai kuma takin da ake shukawa. Wake, gyaɗa da waken suya na ɗauko naitirojin daga iska ta 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu, don haka gonar da ta samu wake tsakanin shinkafa da shinkafa ta fi wadda ba ta huta ba, musamman in an bar wani abu na harawa a ciki. Zamarke, wanda ke fitowa da kansa a bakin fadama, ya fi su duka. Akwai nau'insa ɗan asalin Afirka ta Yamma da ke yin ƙulle-ƙullen har a jikin kara. In an shuka shi da kauri aka sare aka binne yana da kwana 45 zuwa 50, kafin karan ya yi tauri, yana iya ba da naitirojin da ya kai na buhun yuriya biyu zuwa uku a hekta. Sai dai yana cin fili da ruwa na kusan wata biyu, kuma a gajerun ranakun hunturu yakan yi fure da wuri bai girma ba. Ya fi dacewa da mai tazara tsakanin girbin rani da dashen damina.

Mataki na uku: saye da ajiya

Ana yin yuriya a gida Najeriya daga iskar gas, a masana'antun Indorama da Notore a jihar Ribas da ta Dangote a Legas wadda aka buɗe a 2022, don haka ita ce takin naitirojin mafi sauƙin samu. Ka sayi buhu mai ɗinkin kamfani daga dila da aka sani. Idan awo za ka saya a kasuwa, ka gwada: zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa ka motsa. Yuriya ta gaskiya na narkewa tas, kuma kofin zai yi sanyi a hannunka. In ka ga yashi ko wani gari ya kwanta a ƙasa, a bar ta.

A ɗora buhu a kan katako, a ɗaure bakin wanda aka buɗe, domin yuriya na jan damshi ta dunƙule. Kada a haɗa ta da toka ko farar ƙasa, suna korar naitirojin ɗin. A kuma nisanta ta da awaki da shanu. Suna lasarta kamar gishiri, kuma kaɗan daga cikinta na iya kashe dabba.

Mataki na huɗu: wajen rainon iri da zubin farko

Wajen rainon iri ruɓaɓɓen takin gida ya fi dacewa, da ɗan barbaɗen kamfa. Irin da aka cika wa yuriya yakan yi tsawo da laushi, ya sha wahala bayan dashe. A cire shi yana da kwana 14 zuwa 21. Wanda ya zuba iri a tsakiyar hunturu zai ga ya yi ɗorawa ya ƙi tashi. Sanyi ne ya hana saiwa aiki, ba yunwa ba ce, kuma ƙara masa yuriya ba ya maganin sanyi.

Kamfa duka buhu huɗun ana zuba ta ne a haron ƙarshe, lokacin da ake daidaita taɓo, don ta cakuɗe da ƙasa. In hakan bai samu ba, a zuba cikin mako guda zuwa kwana goma bayan dashe, ruwa na ƙasa-ƙasa. Fosfaras da wuri ake buƙatarsa don saiwa, jinkirta shi zuwa wata guda rage masa amfani ne. Kada a sa yuriya a wannan zubi. Shukar da aka dasa jiya saiwarta ba ta kama ba, naitirojin ɗin da ke cikin kamfa ya ishe ta. Masu yafi su jira shuka ta kai kamar mako biyu kafin su zuba kamfa.

Daidaita fangali yana cikin aikin taki. In gefe guda ya fi zurfi, can taki zai taru, shinkafar wurin ta kwanta, ta tudu kuma ta yi ja.

Mataki na biyar: yuriya ta farko, lokacin 'ya'ya

Kwana 18 zuwa 21 bayan dashe shinkafa na tsakiyar fitar da 'ya'ya, kuma yawan 'ya'yan da suka yi ƙarfi yanzu shi ne yawan kawunan da za a girba. Buhu ɗaya da rabi a hekta, wato gwangwaninka ɗaya a kowane fangali. Yadda za a zuba shi ne ya raba manomi da manomi.

Fara da cire ciyawa kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Aya-aya da sauran ciyayin fadama sun fi shinkafa saurin shan taki. Sannan ka zaga kunyoyi ka toshe ramukan ɓera da duk wata kafa. Ka rage ruwa har ya zama bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ko ma ya saura taɓo mai sheƙi kawai. Ka jira raɓa ta bushe, domin ƙwayar yuriya na manne wa jiƙaƙƙen ganye ta ƙona shi. Lokaci mafi kyau shi ne bayan la'asar, rana ta yi sanyi iska ta kwanta.

Ka raba abin da za ka zuba gida biyu. Rabi ka watsa kana tafiya gabas da yamma, rabi kana tafiya kudu da arewa. In abin ya yi maka kaɗan a hannu, ka cakuɗa da busasshen yashi don ya bazu daidai. Gonar da aka yi wa zubin gaggawa ana gane ta bayan mako guda: nan kore ƙirin, can fari-fari, layi-layi.

Idan dashen a layi aka yi, ka bi tsakanin layuka kana tattaka taɓon da ƙafa, ko ka tura 'yar na'urar cire ciyawa ta hannu. Wannan na tura takin cikin laka inda iska ba za ta sace shi ba. Washegari ka shigo da ruwa a hankali ya kai kamar yatsu uku, ka rufe. Kwana biyar zuwa bakwai kada ruwa ya fita daga fangalin, kada kuma a bar shi ya bushe ya tsage. Inda ake ban ruwa daga fangali zuwa fangali, kada a bar ruwa ya ratsa ta cikin wanda aka zuba wa taki. Masu shan ruwan kanal su daidaita ranar zubi da ranar da za a sako musu ruwa; masu inji su tabbatar akwai mai a ƙasa kafin su buɗe buhu.

A ƙasa mai rairayi, inda ruwan da aka cika da safe ke ɓacewa kafin dare, kada a yi zubi biyu. A raba yuriyar gida uku, buhu ɗaya-ɗaya: mako biyu bayan dashe, mako huɗu, sai lokacin ɗaukar ciki.

Mataki na shida: yuriya ta biyu, farkon ɗaukar ciki

In buhu ɗaya tak nake da shi a duk kakar, rabinsa a nan zan sa. A wannan lokaci ne shuka ke ƙulla yawan ƙwayar da kowane kai zai ɗauka, kuma saiwa ta riga ta mamaye ƙasa, don haka kaso mafi girma na takin yana shiga jikinta.

Matsalar ita ce lokacin ba ya bayyana daga waje. In ka ga kara ya kumbura, ka makara da kusan mako biyu. Farkon ɗaukar ciki na zuwa kwana 25 zuwa 30 kafin fitar kai, kimanin kwana 60 zuwa 65 kafin girbi. Ga FARO 44, da ke nuna cikin kwana 110 zuwa 120 daga zuba iri, yakan faɗo kwana 30 zuwa 35 bayan dashe. Iri mai daɗewa irin FARO 52 ya fi haka jinkiri, kuma sanyi na ja da kowane iri baya. Saboda haka kada ka dogara da ƙirga kwana kawai. Daga kwana 28 bayan dashe ka riƙa tugo uwar kara daga gindi biyu ko uku a tsakiyar gona. Ka tsaga ta a tsaye da reza tun daga gindi. A saman gaɓar ƙarshe, in lokaci ya yi, za ka ga wani ɗan farin tsiro mai gashi-gashi kamar auduga, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da ka gan shi a yawancin waɗanda ka tsaga, ka zuba buhu ɗaya da rabin da ya rage cikin kwana biyu, da ƙa'idojin ruwa irin na baya. Wannan karon ba a tattakawa, kada a tsinka saiwa. Daga nan har ƙwaya ta yi tauri kada ruwa ya yanke.

Karanta ganye kafin ka buɗe buhu

Lissafin da ke sama jagora ne, amma ganye ne ke da magana ta ƙarshe. Yunwar naitirojin na farawa daga tsofaffin ganye na ƙasa: su yi ɗorawa, gonar duka ta yi fari-fari, shuka ta tsaya tsaye siririya babu 'ya'ya. In sababbin ganyen sama ne suka fara yin ɗorawa, ka zargi ƙarancin salfa, kuma a nan takin amoniyam salfet, mai naitirojin kashi 21 cikin ɗari da salfa kashi 24, ya fi yuriya amfani. In kuwa mako biyu zuwa huɗu bayan dashe ka ga ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, shuka ta tsumbure wuri-wuri, wannan alamar ƙarancin zinki ce. Yuriya ba ta maganin ko ɗaya daga cikin biyun nan, sai a nemi malamin gona.

Yawa ma cuta ne. Shinkafar da taki ya yi mata yawa takan yi kore har ya koma baƙi-baƙi, ganye ya yi laushi ya sunkuya. Irin wannan tsutsar kara ke so, ita cutar ƙunar ganye da ruɓewar wuya ke kamawa, ita ce ke jinkirin nuna, kuma iskar farkon damina na zuwa sai ta kwanta a ruwa. In lokacin zubi ya yi ka ga gonarka a haka, musamman inda aka sa kashin kaji, ka rage rabi ko ka ɗaga ƙafa.

Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, ta yaɗa wani ɗan katin roba mai launukan kore huɗu, lamba 2 zuwa 5. Ana ɗora ganyen sama da ya gama buɗewa a kansa, daga gindi goma, mutum ya kare rana da jikinsa. In shida ko fiye sun gaza lamba 4 a shinkafar dashe, ko lamba 3 a ta yafi, tana neman taki. Cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, AfricaRice, kuma na da manhajar waya mai suna RiceAdvice, wadda malaman gona ke amfani da ita su fitar wa kowace gona da nata lissafin.

Dunƙulen yuriya, ga mai laka

Hanyar da ta fi kowace tare asara ita ce binne yuriya. Ƙungiyar bunƙasa harkar taki ta duniya, IFDC, ta yaɗa ta sosai a Bangaladash kafin ta kawo ta ƙasashenmu. Ana matse yuriya da inji ta zama dunƙule mai nauyin giram 1.8 ko 2.7. Ana dasa shinkafa a layi, santimita 20 tsakanin gindi da gindi ta kowane ɓangare. Mako guda bayan dashe, ruwa na ƙasa-ƙasa, sai a tura dunƙule ɗaya cikin taɓo zurfin santimita 7 zuwa 10, kimanin tsawon yatsa, a tsakiyar gindi huɗu, a shafe ramin. Kowane gindi huɗu dunƙulensu ɗaya, ba a maimaita wa gindin da ya riga ya samu. Hekta na cin dunƙule 62,500: kilo 113 in ƙanana ne, kilo 169 in manya ne. Sau ɗaya ake yi a kaka, kuma ciyawa ba ta samun rabo sosai tunda takin na ƙasa. Kamfa da takin gida suna nan a matsayinsu.

Aikin na cin ƙugu da 'yan ƙwadago, dole sai dashen layi, kuma bai dace da ƙasa mai rairayi ba, don can dunƙulen zai narke ya zurare. Bayan an binne, a rage shiga fangalin na wasu makonni, kada ƙafa ta tono takin.

Bayan fitar kai

Idan kai ya fara fitowa ganye kuma ya yi fari sosai, ana iya ba da ɗan kaɗan, kada ya wuce rabin buhu a hekta. Da zarar fure ya wuce, an rufe maganar yuriya. A yanke ruwa kwana goma zuwa mako biyu kafin girbi.

Akwai gwaji guda da ya kamata kowane manomi ya yi a gonarsa. Tun ranar dashe ka ware ƙananan fangali uku masu girma ɗaya, kowanne da kunya mai ƙarfi. Na farko a yi masa yadda aka yi wa sauran gona. Na biyu a ba shi takin gida da kamfa, a hana shi yuriya. Na uku a ba shi kamfa da yuriya, a hana shi takin gida. A girbe su daban-daban, a sheƙe, a shanya, a auna da kwano ɗaya, a rubuta a littafi tare da kuɗin da kowanne ya ci. Idan na biyu ya kusa kamo na farko, ƙasarka na da ƙarfi, baɗi ka rage yuriya da rabin buhu. Idan tazarar na da faɗi, ka bar ma'aunin yadda yake, ka mai da hankali kan ruwa da lokacin zubi. Bambancin na farko da na uku ba lallai ya fito a kaka ɗaya ba, don haka a maimaita gwajin a fangalin nan dai har kaka uku a jere.